Tsakanin Gida da Majalisa: Matashi, Abokansa da Matar Ubansa a Wasan Kwaikwayon Talabijin

Wannan shiri ne na jama'a masu sauraro a Jiga Makera da Jiga Birni da Sabiyal da Ɗanwarai, da na cikin garin Aliero, da na Jega da Maiyama da ƙauyukan da ke kewaye da su. Shirin faɗakarwa na wannan mako zai tsaya ne a kan abubuwa biyu da wasannin kwaikwayon talabijin na Hausa suke yawan nunawa, waɗanda masu kallo suka saba ɗauka kamar babu abin da ya haɗa su. Na farko shi ne matsin lambar abokai a kan matashi, na biyu kuma shi ne rashin yarda tsakanin yaro da matar ubansa ko mijin uwarsa. Abin da shirin yake son tabbatarwa shi ne, na biyun ne yake buɗe wa na farkon ƙofa, kuma duk wasan da ya nuna ɗaya ya ƙyale ɗayan bai gama faɗin gaskiya ba.

Matashin da ake nufi a nan shi ne wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya tsakanin shekara 10 zuwa 19, wato lokacin da jiki yake rigan hankali girma. Matsin lambar abokai kuwa shi ne ƙarfin da sa'o'in yaro suke da shi na sa shi ya yi abin da ba zai yi ba in shi kaɗai ne, ko dai ta hanyar zuga a fili, ko ta hanyar gori, ko kuma ta tsoron da yake ji kada a ware shi daga majalisa, wato dandalin da samari suke taruwa su yi hira da dare. A ɓangaren gida, Hausa ta bambanta matsayi uku da ake yawan cakuɗawa. Akwai kishiyar uwa, wadda take zaune gida ɗaya da mahaifiyar yaro, uwar tana nan tana ganin abin da ke gudana. Akwai matar uba, wadda yaro ya tsinci kansa a hannunta bayan uwarsa ta rasu ko ta fita. Akwai kuma mijin uwa, wanda yaro ya biyo uwarsa zuwa gidansa, kuma irin wannan yaro shi ake kira agola. Biyun ƙarshe su ne suka fi shafar wannan bayani, domin a cikinsu ne yaro yake rasa ɗaya daga cikin mahaifansa a gidan da yake kwana.

Wasan kwaikwayo na faɗakarwa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Gidan rediyo da talabijin na Kaduna, wanda aka kafa a 1962, ya raini al'umma guda a kan shirye-shirye irin su Zaman Duniya Iyawa Ne da Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, kuma mutanen tsohuwar Jihar Sakkwato, wadda aka cire Kebbi daga cikinta a ranar 27 ga Agusta, 1991, ba su manta da Idon Matambayi ba. Daga 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, sai harkar ta koma ta kaset da faifai, har tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014 ta dawo da wasa mai dogon zango, wato wanda ake nunawa kashi-kashi kowane mako na tsawon watanni ko shekaru. Daɗin Kowa, da Gidan Badamasi, da Kwana Casa'in, da Labarina na Aminu Saira, da Izzar So na Lawan Ahmad wanda ya yi suna a YouTube, duk 'ya'yan wannan zamani ne.

Bambancin da ke tsakanin jiya da yau ba a yawan wasannin kaɗai yake ba, yana ga yadda ake kallonsu. Samanja a tsakar gida ko a ƙofar gidan mai unguwa ake kallonsa, babba da yaro a tabarma ɗaya, in an nuna abin kunya dattijo ya yi gyaran murya, in an nuna abin koyi ya ce a duba. Yau kuwa yaron Jiga Makera ko na Maiyama yana kai wayarsa shagon caji a tura masa kashi goma a lokaci guda, ya kalla shi kaɗai a ɗaki ko tare da sa'o'insa a majalisa, babu babba ko ɗaya da zai fassara masa abin da ya gani. Wasan yana nan da darasinsa, amma masu yi masa sharhi sun canza, domin su ma yara ne kamarsa.

Dangane da matsin lambar abokai, dole a yaba wa marubutan waɗannan wasanni, domin ba su ɓoye shi ba. Daɗin Kowa, wanda aka gina a kan wani gari na ƙirƙira da ya tara ƙabilu da addinai, ya daɗe yana nuna samarin da abokai suka ja zuwa shaye-shaye, da waɗanda masu tsattsauran ra'ayi suka yaudara, da 'yan matan da ƙawaye suka koya wa son abin duniya. Kuma abin da suke nunawa ba ƙage ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya cikin shekara guda, kusan miliyan 3 daga cikinsu a shiyyar Arewa maso Yamma, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. A watan Mayun 2018 ne gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, kwana ɗaya bayan BBC ta nuna rahoton binciken da ya fallasa yadda ake sayar wa matasa shi. Kusan babu yaron da ya fara shan kodin ko tiramadol ko wiwi da kansa, da wuya a sami wanda ba aboki ne ya miƙa masa na farko kyauta ba.

Masana halayyar ɗan Adam sun bayyana dalilin da ya sa wannan miƙawa take cin matashi fiye da babba. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda yake auna sakamako ya tsawata wa zuciya, ba ya kammala ginuwa sai mutum ya haura shekara ashirin, alhali sashen da ke jin daɗin yabo da burgewa yana farkawa tun farkon balaga. A 2005, Margo Gardner da Laurence Steinberg na Jami'ar Temple ta Amurka suka gwada matasa da manya da wasan tuƙin mota a kwamfuta, suka ga cewa matashi yana ninka kasadar da yake yi idan abokansa suna wurin, babba kuwa kusan bai canza ba. Wani gwajin da ya biyo baya a jami'ar a 2011 ya nuna cewa ba sai abokan sun ce uffan ba, sanin cewa suna kallo kaɗai ya isa. Wannan shi ne abin da ake gani a kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, inda yaron da yake tuƙa babur a hankali in ya ɗauko mahaifinsa yake sakin hannu in ya hango majalisarsu. Kalmomin da ake tura shi da su sanannu ne: a ce masa matsoraci, ko bagidaje, ko ɗan Inna, ko a ce bai waye ba tukuna.

Yankin Aliero yana da nasa yanayin da ke ƙara wa abin kaifi. Noman albasa na rani da hada-hadar kasuwarta suna sa yaro ɗan shekara goma sha biyar ya riƙe kuɗin kansa tun bai san inda ya kamata ya kai su ba, kasuwar Jega tana haɗa shi da baƙi daga ko'ina, kuma jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006 ta kawo matasa daga birane da salon tufafinsu da wayoyinsu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake sharri, arziki ne da ilimi da kowane gari yake fata. Sai dai suna nufin cewa yaron ƙauye yanzu yana da waɗanda zai gwada kansa da su fiye da yadda mahaifinsa ya samu.

A nan ne ya kamata a kawo binciken da ya fi kowanne amfani ga wannan batu. A shekarun 1950, Solomon Asch ya riƙa zaunar da mutum a cikin rukunin da aka shirya da su a ɓoye cewa su ba da amsar ƙarya a kan tsawon wasu layuka da kowa yake gani da idonsa, sai ya tarar kusan kashi uku cikin huɗu na mutanen sun bi ƙaryar aƙalla sau ɗaya. Amma da ya sa mutum ɗaya tak a cikin rukunin ya faɗi gaskiya, sai bin ƙaryar ya ragu ƙwarai. Haka kuma Emmy Werner ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a tsibirin Kauai na Hawaii a 1955 har suka manyanta, ta ga cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka taso cikin talauci da rikicin gida sun zama mutanen kirki, kuma abin da ya yawaita a tsakaninsu shi ne kowannensu ya sami aƙalla babba ɗaya da ya riƙe shi da amana, wanda sau da yawa ba mahaifi ba ne, kaka ce ko goggo ko malami. Ma'anar wannan a sarari take: yaro ba ya bukatar duniya ta goyi bayansa kafin ya ce a'a, yana bukatar mutum ɗaya da ya tabbata yana tare da shi.

 Tambayar da ta rage ita ce, a gidan da uwa ba ta nan, wane ne wannan mutum ɗaya?

Amsar da wasan kwaikwayo ya fi bayarwa ita ce babu shi. Matar uba a fina-finai da wasannin Hausa kusan fuska ɗaya gare ta: ita ce mai hana abinci, mai ɗora talla, mai zuwa wurin boka, mai murmushi a gaban maigida da duka a bayan idonsa. Wannan hoto ya girmi talabijin, domin tatsuniyoyin 'yar mowa da 'yar bora, wato 'yar matar da miji yake so da 'yar wadda ya juya wa baya, a kansa aka gina su, kuma Turawa ma suna da irinsa a tatsuniyar Sindarela. Marubuci yana son irin wannan hali saboda yana da sauƙin rubutawa, kuma mai kallo yana gane shi tun fitowar farko ba sai an yi masa bayani ba. Ba kuma za a ce ƙarya ce tsagwaronta ba. Jama'ar Jihar Kebbi ba su manta da abin da ya bayyana a Birnin Kebbi a watan Agustan 2020 ba, lokacin da aka ceto wani yaro ɗan kimanin shekara 10, maraya ta wajen uwa, wanda aka ɗaure tare da dabbobi na tsawon lokaci a gidan mahaifinsa. Wanda ya ga hoton yaron nan ba zai ce marubuta sun ƙirƙiro muguntar matar uba ba.

Amma akwai abin da ya kamata a lura da shi a wannan lamari, wanda wasan kwaikwayo yake yawan tsallakewa: ba matan gidan kaɗai aka kama ba, har da mahaifin yaron. A wasa, uba yakan fito a matsayin bawan Allah da aka rufe wa ido da asiri, wanda zai farka a kashi na ƙarshe ya yi kuka ya saki matar, masu kallo su tausaya masa. A zahiri kuwa, mutumin da yake fita da asuba ya dawo bayan lisha, bai taɓa tambayar ɗansa abin da ya ci ba, bai taɓa duba jikinsa ba, ba asiri aka yi masa ba, sakaci ya yi da amanar da shari'a ta ɗora masa shi kaɗai. Jingina laifin ga boka yana wanke uba, kuma wannan yana daga cikin manyan illolin da wasannin suke yi ba da niyya ba.

Illa ta biyu ta fi ta farko ɓoyuwa. George Gerbner, masanin yaɗa labarai na Amurka, ya yi bayanin cewa wanda ya daɗe yana kallon abu ɗaya a talabijin yakan ɗauka haka duniya take, ko da abin da ke kewaye da shi ya saɓa. Yarinyar da ta kalli matar uba ashirin a waya, dukkansu azzalumai, ranar da mahaifinta ya yi sabon aure za ta tarbi amaryar da hukuncin da ta riga ta yanke. Faɗa na gyara zai zama mata ƙiyayya, aike zai zama bauta, abinci mai daɗi ma sai ta yi zargin an sa wani abu a ciki. Ita ma matar ta kalli wasannin nan, ta san sunan da ke jiranta, don haka sai ta zaɓi janye hannu, kuma maganar da irin waɗannan mata suke yi ɗaya ce a ko'ina: in ta tsawata a ce don ba ita ta haifa ba, in ta yi shiru a ce ta bar shi ya lalace. Shi kuma yaron, da zarar an taɓa shi, amsarsa a shirye take, cewa ai ba ita ta haife shi ba. Ta haka gida yake cika da mutane amma yaro ya rasa wanda zai gaya wa cewa an ba shi ƙwaya a bayan makaranta, ko yarinya ta rasa wadda za ta gaya wa cewa wani yana turo mata kuɗi da saƙon dare. Sirrin da bai sami wurin sauka a gida ba majalisa yake tafiya, kuma a can waɗanda suka jawo matsalar su ne masu ba da shawara. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, amma ba kasafai ake tambayar abin da ya kori yaron daga gida har ya je ya zauna da shi ba.

Abin takaici shi ne al'adar Hausa da addinin Musulunci suna da wani hoton na dabam, wanda ya fi wannan kyau kuma ya fi shi yawa a gidaje. Saboda kunyar ɗan fari, wadda take hana uwa kiran sunan ɗanta na farko ko nuna masa so a fili, sau da yawa kishiya ko kaka ce take ɗaukarsa tun daga yaye, kuma akwai dattawa da yawa a Jega da Aliero da ba su san wadda ta raine su ba ita ta haife su ba sai da suka yi wayo. Littafin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, jaruminsa ya taso ne a hannun Limamin da ya auri mahaifiyarsa, kuma doguwar tafiyar da ya yi duka don ya wanke wannan mijin uwa nasa ne daga wulaƙancin da aka yi masa a fada. Tun a farkon rubutun zube na Hausa ke nan an nuna agola da mai riƙonsa a matsayin ɗa da uba.

A Musulunci kuwa al'amarin ya wuce ladabi, ya kai ga hukunci. Aya ta 22 da ta 23 na Suratun Nisa'i sun haramta wa ɗa auren matar ubansa, sun kuma haramta wa mutum auren 'yar matarsa da ya riga ya tare da uwarta, wato sun mayar da su muharramai, 'yan gida ɗaya na har abada. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya riƙi 'ya'yan matansa, irin su Hindu ɗan Abu Halata na wajen Nana Khadija, da Umar da Zainab 'ya'yan Abu Salamata na wajen Ummu Salamata, kuma hadisin ladubban cin abinci da kowane ɗalibin Islamiyya ya haddace, na ambaton sunan Allah da ci da dama da cin abin da ke gaban mutum, Umar ne ya ruwaito shi, yana yaro a ɗakin Annabi, suna ci a akushi ɗaya. An gyara masa kuskure cikin taushi, kuma ya ce bai sake barin wannan ladabi ba.

Fiƙihun Malikiyya, wanda ake karantawa a zaurukan masarautar Gwandu, ya tsara ma wanda zai riƙi yaro. Risala ta Ibn Abi Zaid ta bayyana cewa reno, wanda malamai suke kira hadana, haƙƙin uwa ne bayan saki har namiji ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare, idan uwar ta rasu ko ta yi wani aure sai ya koma ga kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa, ciyarwa da tufatarwa kuwa suna kan uba a duk inda yaron yake. Al'adar ƙwace yaro da zarar an yaye shi, a damƙa wa amaryar da ba a tambayi ra'ayinta ba, wadda wani lokaci ita kanta ba ta wuce shekara goma sha bakwai ba, ta saɓa wa wannan tsari, kuma ita ce tushen da yawa daga cikin rikicin da ake zargin matan uba da shi. Agola ba ya gadon mijin uwarsa, amma babu abin da ya hana mai riƙon ya yi masa wasiyya daga cikin sulusin dukiyarsa, kuma wannan hukunci ne da wasa ɗaya zai iya koya wa dubban gidaje.

Cewa wasan kwaikwayo yana iya canza hali ba zato ba ne. Masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura ya nuna cewa mutum yana koyo ta kallon abin da wani ya yi da sakamakon da ya samu, kuma a kan wannan Miguel Sabido ya gina wasanninsa a talabijin ɗin Meziko a shekarun 1970, inda wasan da ya yi a kan yaƙi da jahilci a 1975 ya tura ɗimbin manya zuwa ajin karatu. A Najeriya ma, binciken da aka yi da tallafin Bankin Duniya a kan wasan MTV Shuga ya nuna cewa matasan da suka kalle shi sun kusan ninka waɗanda ba su kalla ba wajen zuwa gwajin cutar ƙanjamau. Sirrin tsarin Sabido shi ne hali iri uku: nagari, da mugu, da kuma mai sauyawa, wato wanda ya fara da kuskure da shakka kamar mai kallo, yana tuntuɓe yana tashi, har ya gyaru a gaban idon jama'a. Wannan na ukun shi ne ya yi ƙaranci a wasannin Hausa idan aka zo kan matar uba. Ana da muguwa, ana da waliyyiya mai haƙurin da ba a samu a duniya, amma da wuya a ga mace ta gari mai gajiya da fushi, wadda ɗan mijinta ya ƙi ta shekara guda, ta yi kuskure ta ba shi haƙuri, har ranar da ya zo da kansa ya gaya mata abin da ya kasa gaya wa ubansa. Wasa mai dogon zango ya fi kowane irin fim dacewa da wannan labari, domin yarda a hankali take ginuwa, kuma masu bincike a kan irin waɗannan gidaje, kamar Mavis Hetherington, sun nuna cewa abin yana ɗaukar shekaru, ya fi wuya idan yaron yana farkon balaga, kuma ya fi yin kyau idan sabon mai riƙo ya fara da shaƙuwa ya bar wa mahaifi horo a farkon zama.

A 2021 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta sanar da hana fina-finan da ke nuna shaye-shaye da garkuwa da mutane da ƙwacen waya, saboda tsoron kada yara su kwaikwaya. Tsoron yana da tushe, domin wasan da ya nuna ɗan ƙwaya da tufafi masu tsada da ban dariya na tsawon kashi talatin, sannan ya hukunta shi a minti biyar na ƙarshe, talla ya yi wa ƙwaya. Amma hani kaɗai ba ya koya wa yaro kalmomin da zai ƙi da su. Abin da ya fi amfani shi ne a nuna masa sa'ansa yana cewa a'a, ana yi masa gori, yana jin zafin gorin, ya koma gida ya sami wanda zai gaya wa.

Ba kuma ana kiran yaro ya yarda da kowa ido rufe ba ne. Akwai matar uba azzaluma, akwai mijin uwa maci amana, kuma yarinyar da ta ce ana cutar da ita a gida ta cancanci a saurare ta kafin a ce tarbiyya ce ta rasa. Najeriya tana da dokar kare haƙƙin yara tun 2003, Jihar Kebbi ma ta amince da tata a 2022, amma kafin magana ta kai ga hukuma akwai kaka da kawu da goggo da malamin Islamiyya da mai unguwa, kuma maƙwabcin da yake jin kukan yaro kullum ta bayan katanga ya yi shiru yana da nasa kason na alhaki. Hana yaro zuwa wurin dangin uwarsa, wanda wasu iyaye maza suke yi don huce haushin saki, yana toshe masa wannan hanya gaba ɗaya.

Kafin shirin ya yi sallama, yana da kira ga marubutan Kano da Kaduna da Sakkwato, da ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na makarantun Jega da Aliero da Maiyama, cewa su rubuta matar uba da mijin uwa kamar mutane, su kuma daina wanke uba da asiri. Kiran da ya fi wannan gaggawa kuwa na magidancin da yake da ɗan wata a gidansa ne: a cikin wannan mako ya karɓi wayar yaron ba don bincike ba, ya zauna da shi da matar gidan su kalli kashi ɗaya tare, ya tambaye shi wanda ya fi burge shi a wasan da dalilinsa, ya tambaye shi sunayen abokansa uku, sannan ya ba shi kuɗin mota ya je ya gaida dangin mahaifiyarsa.